Gonar Baba Ta Tafi Da Tsohuwar Waya

Shafi na 23

Sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku, masu cewa na yi shiru da yawa. Cajata ce ta lalace, sai na lanƙwasa wuyanta na danne da kofi take kawowa. Ke kuma mai cewa Yaya ya cika iyayi, ki karanta wannan tukuna.

*

Falon ya cika da kwalaye har babu wajen taka ƙafa.

Tun jiya da Yaya ya sauka hutun ƙarshen shekara yake ta shigo da kaya. Labule, injin markaɗe, fanka mai caji, takalmin Mama da ya yi mata yawa, takalmin Auta da ya yi mata kaɗan.

Mama ta ɗaga labulen tana juya shi.

"Babba, na tagar me ya yi maka?"

"Ya koɗe, Mama."

"Ni ma na koɗe, ko za ka canza ni? Ka daɗe kana tara guminka a can, ka zo ka juye shi a kan labule."

Yaya ya yi dariya. "Ai ba ku ga komai ba. Babbar tana nan."

Ya zaro wani ɗan farin kwali daga jaka, ya je ya durƙusa gaban Baba.

Baba yana kujerarsa ta gefen taga. Hannunsa na hagu yana cikin aljihun riga, inda yake tun da Yaya ya shigo gidan.

"Baba, ga waya. Sabuwa fil."

Baba ya karɓa da dama, ya juya ta, ya yi murmushi.

"Kai, Oga. Wannan ai madubi ce. Allah ya yi albarka, Allah ya ba ka masu yi maka."

"Amin, Baba."

"Auta, ajiye min ita a sama. Ki miƙo min tawa, lokacin tatsar shanu ya yi."

Auta ta tafi wajen soket. Caja ce kaɗai take lilo.

"Tsohuwar kuke nema?" in ji Yaya. "Ai ta tafi. Da safe kana wanka na ɗauke ta, na kai shago na yi musaya da ciko. Lambobinka da hotunanka duk an juye a nan. Baba, waya ɗaure da roba, fuska duk a tsage, kuma ɗanka yana aiki? Haba."

Mama ta ajiye labulen.

Auta ta ce, idonta a kan tabarma, "Gonar fa?"

"Wace gona? Muna da gona ne ban sani ba?"

"Ta cikin waya. Gem ne."

"Au, gem! Kawo, yanzu zan sauke muku."

Yanzu ɗin nan ba ta zo da wuri ba.

Wayar ta ce sai ta ga fuskar Baba. Baba ya kalle ta, ta ce ya matso. Ya matso, ta ce ya ja baya. Ta nemi yatsa. Ta nemi lambar sirri, ta ce wadda aka sa ta yi sauƙi. Daga nan ta ce za ta sabunta kanta, kada kowa ya taɓa ta.

Baba ya ce, "Oga, wannan waya ce ko ma'aikacin kan iyaka?"

Mama ta yi dariya, amma idonta yana kan Auta.

Da ƙyar gem ɗin ya buɗe. Wani ɗan mutum mai malafa ya fito yana ɗaga hannu yana maraba. A bayansa fili ne fetal, sai kaza guda tana tsattsaga ƙasa.

Babu shanu. Babu gada. Babu hanya.

"Wane imel kuka sa a waccan?" Yaya ya tambaya.

"Ba mu sa ba," in ji Auta. "Da ya tambaya, na danna inda ya bar mu muka wuce."

"To ai kun shiga a baƙi ke nan. A cikin waccan wayar kawai take." Ya ɗaga kafaɗa. "Ba komai Baba, ka fara sabuwa. Wasa ne."

Baba ya daɗe yana kallon kazar.

"Haka ne," ya ce. "Wasa ne."

Ya miƙa wa Auta wayar, ya juya fuskarsa taga. Hannun ya ƙara nutsewa cikin aljihu.

*

A kicin Mama ta turo ƙofa da ƙafa, ta dubi Auta.

"Na ga bakinki yana motsi. Kada ki kuskura."

"Mama, hannun zai koma."

"Ba zai koma ba, da yardar Allah."

"Kin san zai koma. Ba zai taɓa waccan kazar ba."

Mama ta sani.

Farkon shekarar nan ciwo ya kwantar da Baba, ya taɓa masa ɓarin hagu. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo, hannu ya ƙi. Likitan gashin ƙashi ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Baba ya ce shi da ya yi rayuwarsa yana juya sitiyarin bas ba zai ƙare a wasan jarirai ba, ya tura ƙwallon ƙarƙashin gado.

Auta ce ta sauke gem ɗin gona don ya rage zaman shiru. Ta ɗora wayar a kan filo a cinyarsa, ta ce da hagu ake yi, haka dokar wasan take. Baba ya gane ƙarya ce, ya ƙyale ta.

Shi bai damu da masara ba, hanya ya gina. Ya shimfiɗa ta kamar layin da ya yi shekaru yana bi da bas: tasha, gidan mai, gada, shataletale, asibiti, kasuwa. Garken shanu shi ne kasuwa, wai saboda surutu. Kullum sai ya ja yatsa tun daga tasha har ƙarshen layi yana kiran masu sauka. Da farko yatsan bai kai gidan mai ba yake zamewa. Yanzu yana zagaye shataletale ba tare da ya taka ciyawa ba.

Kuma ya ɗaukar wa kansa alkawari: kafin shekara ta fita, da kansa zai ɓalla maɓallan rigarsa. Na wuya kaɗai ya rage.

Duk wannan Yaya bai sani ba. Hawan jini kaɗan aka ce masa.

"Kin san halin yayanki," in ji Mama ƙasa-ƙasa. "Yana ji zai ajiye aikin nan ya dawo ya sa mu a gaba. Aikin da ya sha wuya kafin ya samu. Ubanku ma ya ce ba ya so ya sani. Hutun nan ƙanƙani ne, mu lallaɓa ya koma lafiya."

"Wayar kuma?"

"Ki ce masa kina son hotunanki."

"Ya ce ya juye."

"To ki ce… ki ce wani abu dai. Ke da ba kya magana, yau kika ga damar yi?"

Auta ta wanke kofi ɗaya har ya fara ƙara a hannunta. Ta leƙa falo. Shayin Baba ya huce a gefensa, bai taɓa ba.

Ta goge hannu ta fita tsakar gida.

*

Yaya yana tattaka kwalaye yana fito.

"Yaya."

Bai ji ba.

"Yaya!"

"Na'am? Kai, ashe kina da murya."

"Mu je mu karɓo wayar."

"Da ni kike ko da siminti? Ɗago kai mana."

Ba ta ɗago ba. "Mu je yanzu, kafin a goge ta."

"Auta, saboda shanun ƙarya zan koma in ce a warware ciniki? Mutuncina fa? In dai gem ne, zan sauke masa na mota mai kyau, har da sitiyari."

"Ba zai yi ba."

"Me ya sa?"

Ta tagar kicin tana jin idon Mama a bayan wuyanta.

"Kin gani? Ke ce dai kike son abinki kike fakewa da Baba. Girma ya zo, Auta. Ni a sabuwar shekara burina in ga kin…"

"Tun da ka zo ka ga hannun Baba na hagu?"

Ƙafar Yaya ta tsaya a kan kwali.

"Me?"

"Ka gan shi a waje?"

"Sanyi yake ji."

"Da ka rungume shi jiya, da hannu nawa ya riƙe ka?"

Yaya ya waiga wajen tagar falo.

"In ka kira mu ta bidiyo, wa yake riƙe wayar?"

"Ke."

"Kullum?"

"Kullum…" Muryarsa ta sauka. "Na zaci son a gan ki ne."

"Ni?"

Sai a lokacin ta ɗago, ta dube shi ido cikin ido. Maganar ta ɓalle mata gaba ɗaya, ba tsari. Ranar da cokali ya faɗi daga hannun Baba. Asibiti. Ƙwallon ƙarƙashin gado. Gidan mai, gada, shataletale. Maɓallin wuya.

Yaya ya zauna a kan kwalin injin markaɗe, kwalin ya lotsa da shi.

"Duk gidan nan kun sani."

"E."

"Har maƙwabta?"

"Su suka kai shi asibiti."

"Ni kaɗai ne bare ke nan. Ina can ina zaɓen kalar labule."

"Ba bare ba ne kai. Tsoro Mama take ji."

Ya goge fuskarsa da tafin hannu, ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe.

"Ɗauko takalminki."

"Ya yi min kaɗan."

"Tsohon, Auta. Tsohon!"

*

Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai ɗinki da mai sayar da kwan fitila. Cikin gilashi wayoyi ne jere, kowace da ƴar takarda manne a baya. Mai shagon wata mata ce mai jiki, tabarau a goshi, kowa a layin Anti yake ce mata.

"A'a, mai ciko! Har sabuwar ta ba ka matsala? Ni kayana ba sa dawowa."

"Tsohuwar muke nema, Anti."

"Ta tsoho mai roba?"

"Ita. Don Allah kada ki ce kin goge."

Anti ta nuna wani faranti cike da wayoyi. "Waɗanda na wanke yau ke nan. Tas, kamar ranar da aka haife su."

Auta ta sunkuya tana dubawa. Ta ɗaga wannan, ta ɗaga waccan. Babu mai roba.

"Ba ta nan," ta ce.

"Na sani ba ta nan."

"Kin sayar?" in ji Yaya.

Anti ta sauke tabarau, ta yi ɗan tari, ta kalli titi. Sannan ta sa hannu ƙarƙashin teburin shagon ta jawo waya a jikin caja. Roba ja a ɗaure, fuska a tsage.

"Ku tsaya ku ji, kada ku yi min wani kallo. Na ɗauke ta zan wanke, sai na ji tana kuka. Muuu. Na ce yau na ga ikon Allah. Na buɗe, sai ga shanu nono ya cika musu, ga tumatir ya nuna zai lalace. Ni kuma ba na iya ganin ɓarna. Na ce bari in tatse su kawai sannan in goge."

"Sai kuma?"

"Sai kaji suka yi ƙwai."

Yaya ya fashe da dariya, irin wadda take fitowa da hawaye. Auta ta rungume wayar a ƙirji da hannu biyu.

"Kwastoma uku na kora saboda ku," in ji Anti. "Wani ya zo gyaran sifika, na ce ya dawo bayan girbi. Ƙanwata, wa yake da gonar nan?"

"Babanmu."

"Ki gaishe shi, yana da hannun kiwo. Amma ki ce masa bai iya tsari ba. Wannan hanya tasa mai karkace-karkace duk ta cinye fili. Ga wani zagaye a tsakiya da ba ya kai mutum ko'ina. Na gyara masa."

Auta ta ɗago wayar a hankali.

Shanu suna nan. Gada tana nan. Amma daga tasha zuwa garke hanya ce ɗaya miƙaƙƙiya kamar an ja da rula. Inda shataletale yake, kabeji ne layi-layi.

"Anti…"

"Ba sai kin gode ba. Ki dai faɗa min sunan gem ɗin kafin ku tafi."

Yaya ya daidaita da Anti kan kuɗin, suka fito.

A hanya ya karɓi wayar yana dubawa.

"Mu tsaya a nan mu mayar da ita yadda take. Ba zai gane ba."

"Ka san layin?"

"Ke ba ki sani ba?"

"Na san sunayen. Kwanonin shi kaɗai ya san su."

"To mu ce…"

"Yaya, ɓoye-ɓoyen ya isa haka."

Ya kalle ta ta gefe. "Wai yau wa ya canza miki batir?"

Ta sunkuyar da kai, amma tana murmushi.

*

Baba yana inda suka bar shi. An zuba masa sabon shayi, shi ma ya huce.

Auta ta ɗauko filo ta ɗora masa a cinya. Ta ajiye wayar a kai.

Baba ya dubi robar. Ya dubi Auta. Ya dubi Yaya da ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo.

Wayar ta ce, muuu.

Gefen bakin Baba ya motsa. Ya sunkuya. Murmushin ya tsaya a rabi.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Ina shataletalena?"

"Matar shagon ce ta…"

"Kabeji? A tsakiyar titi? Wane mara lasisin ne ya yi wannan? To wanda ya fito daga gada zai shiga asibiti ta ina, ta sama?"

"Ta ce wai ya cinye fili."

"Fili! Ita ta taɓa juya doguwar mota da safe, ƴan makaranta cike, ga mai keke ya shigo maka ta dama? Ba shataletale ai sai gawa!"

Hannun ya fito daga aljihu.

Ya fito a hankali, yana karkarwa, yatsu biyu na ƙarshe a lanƙwashe. Baba ya manta da wanda yake ɗakin. Ya sa manuni a kan kabejin farko ya ja shi gefe. Ya zame. Ya sake. Ya tafi.

Yaya ya ƙaraso ya durƙusa. Idonsa a kan hannun, bai ko ƙifta ba.

Sai a lokacin Baba ya tuna. Yatsan ya tsaya. Uba da ɗa suka dubi juna.

"To," in ji Baba. "Ka gani."

"Na gani, Baba."

"Da ya fi haka lalacewa. Wannan ai mai kyau ka tarar." Ya gyara zama. "Tunda ka gani, yi amfani. Filon nan yana gocewa. Riƙe min wayar, ka karkato ta nan. Ba haka ba, kai da ka yi karatu."

Yaya ya riƙe.

"Auta, zo ki kwashe kabejin nan ki kai wa shanu. Oga, kalli nan. Daga gidan mai ba a miƙewa, akwai kwana mai kama da gwiwar hannu. A nan na taɓa tsayawa wata mata ta haihu a kujerar baya."

"A bas ɗin?"

"Namiji. Da sunana aka kira shi. Matsa, kana tare min haske."

Sun kai gada suna dariya. Yatsan yana zamewa, Baba yana zagin kabeji, Yaya yana share ido da kafaɗa don hannayensa biyu suna riƙe da waya. Auta ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar kujera. Rabon da ta ji falon nan haka, tun kafin ciwon.

Ƙofar kicin ta buɗe.

Mama ta fito da faranti. Ta ga hannun a fili. Ta ga wanda yake riƙe da wayar.

Ta ajiye farantin a kan kwali a hankali.

"Wa ya faɗa masa?"

Wayar ta yi ƙarar kaza.

"Na ce wa ya faɗa masa?"

Auta ta miƙe tsaye. "Ni ce, Mama."

"Ke. Bayan abin da na…"

"Mama, ki bar ta," in ji Yaya. "Da ba ta faɗa ba, da na koma ina aiko muku da labule har abada. Kuma gara ku ji tun yanzu. Na gama shawara a hanya. Ba zan koma ba. Gobe zan kira wajen aiki in ce su nemi wani."

Mama ta dafe kai. "Kin ji ko? Kin ji abin da na ce miki?"

Baba ya ɗago kai.

Yatsansa ya bar kan gada.

Hannun ya tashi daga filo. Ya wuce ƙirji, inda bai taɓa wucewa ba tun da ya kwanta. Ya wuce kafaɗa. Manunin ya miƙe sak, saitin hancin Yaya, ko rawa ba ya yi.

Mama ta toshe baki da hannu biyu. Auta ta riƙe numfashi. Shi kansa Baba bai lura ba, idonsa ya yi ja.

"Kai," ya ce. "Maimaita abin da ka faɗa."